Gidan Mari a Gaban Doka: Wa Ke da Ikon Ba da Lasisin Tsare Matashi? Nazari daga Shabu, Jihar Nasarawa

Tsakure

Maƙalar ta duba dokokin da suka shafi makarantun kwana masu iƙirarin gyaran tarbiyya da maganin shaye-shaye, waɗanda jama'a suka fi sani da gidajen mari. Matsayarta ita ce sharuɗɗan lasisi su rataya a kan tsare yaro da ake yi a ciki, ko da wane suna mai gidan ya rubuta a allon ƙofarsa.

Gabatarwa

A ƙarshen Satumbar 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa. A watan Oktoba aka fito da 67 daga wani gidan a Daura, sannan samamen ya kai Katsina, Zariya da Ilorin, gwamnatin Kano kuma ta ba da umarnin rufe irin waɗannan cibiyoyi. Abin da ya fi ɗaure wa 'yan jarida kai shi ne akasarin yaran iyayensu ne suka kai su, har suna biyan kuɗi.

Bitar ayyukan da suka gabata

Masu ganin matsalar reshe ce ta almajirci ba sa buƙatar doguwar amsa. Almajiri yana fita bara ya dawo, ɗan gidan mari kuwa ƙofa a kulle take a bayansa.

Waɗanda ya kamata a tsaya a kansu su ne masu kiran a rufe gidajen kawai. Rahoton Human Rights Watch na Nuwambar 2019, wanda ya biyo bayan ziyarar cibiyoyi 28, ya yi aiki mai kyau wajen nuna cewa ɗaure marasa lafiya da sarƙa bai tsaya ga gidajen malamai ba, ya shafi coci-coci da cibiyoyin gwamnati. Sai dai da yawa daga masu kafa hujja da shi sun manta da uban da ɗansa ya sayar da keken ɗinkin uwarsa ya sayi tiramol. Binciken ƙasa kan shaye-shaye na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwayoyi tsakanin shekara 15 zuwa 64. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da Arewa ta daɗe tana dogaro da su, irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato da na Maiduguri, sun yi wa mutumin garin Lafiya na Nasarawa nisa a tafiya da kuma aljihu. In aka rufe gidan malam ba a buɗe wani wuri ba, gidan zai koma bayan gari ne, inda babu maƙwabcin da zai ji kuka.

Hanyar bincike

An karanta dokokin da abin ya shafa tare da rahotannin samamen 2019, aka gwada su da tambaya ɗaya: a ƙaddara wani ya kama gida a Shabu, a kan hanyar Akwanga, yana son karɓar kangararrun yara su kwana, a karantar da su, a yi musu ruƙiyya da magani. Takardar wa zai nema?

Sakamako

Ofisoshi huɗu ne za su iya cewa nasu ne, kowanne kuma yana da hanyar zamewa. Ma'aikatar ilimi tana duba aji da manhaja, ba ta tambayar dalilin kulle ɗaki. Dokar Kiwon Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa cibiyoyin lafiya takardar shaidar inganci, amma mai gidan zai ce shi addu'a yake yi da rubutun sha. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadi rajistar gidajen yara a hannun gwamnatin jiha, amma jami'ai sun saba fassara wannan da gidan marayu, yaran nan kuwa iyayensu suna raye. Saura hukumar rajistar kamfanoni, wadda takardarta ce ta fi yawan zama a bangon ofis cikin gilashi, alhali iyakar abin da take tabbatarwa shi ne ƙungiya mai wannan suna tana nan.

Mafitar, a ganina, tana cikin Kundin Tsarin Mulkin 1999, kuma abin mamaki ne yadda muhawarar 2019 ta tsallake ta. Sashe na 35 bai haramta tsare matashi ɗungurungum ba. Ya halatta tauye 'yancin wanda bai kai shekara 18 ba domin iliminsa ko jin daɗinsa, ya kuma halatta tsare mai taɓin hankali ko wanda ƙwaya ko giya ta kama domin kula da shi ko yi masa magani. Amma ya gindaya sharaɗi: sai ta hanyar da doka ta yarda. Uba na iya cewa "Malam, ga shi nan, na ba ka amana", kuma maganar tana da nauyi a al'ada, sai dai ita kaɗai ba ta zama hanyar da doka ta shimfiɗa ba. Ke nan gidan da ke kulle ɗan shekara 16 wata da watanni bisa wannan magana yana aiki ne ba da tushe ba, ko da ba a taɓa ɗaga masa bulala ba. Duka da mari kuwa dama sashe na 34 ya riga ya hana su.

Daga nan sharuɗɗan lasisi suke fitowa da kansu. Duk wurin da yaro ba zai iya fita da ra'in kansa ba ya shiga ƙarƙashin lasisi ɗaya, na malami ne ko na fasto ko na likita. Kafin a karɓi yaro, ma'aikacin lafiya ya duba shi, domin wani "taurin kan" farfaɗiya ce ko ciwon damuwa. A rubuta ranar shiga da wa'adin sake duba lamarinsa a gaban kotun iyali. Jami'in walwala ya riƙa shiga ba sanarwa, ya gana da yaro ba a gaban mai gida ba. A Nasarawa akwai babban asibiti a cikin Lafiya, kusa da Shabu, don haka sharaɗin duba lafiya ba zai gagara ba.

Za a ce a keɓe cibiyoyin addini daga wannan lasisi. Jihar Mizuri ta Amurka ta yi hakan shekaru masu yawa, makarantun kwana na coci suka yi ta kwarara can saboda babu mai dubawa, har sai da zarge-zargen azabtarwa suka tilasta mata yin doka a 2021. Malamin da ke riƙon amana da gaskiya shi lasisi zai fi amfana, don zai raba shi da ɗan kasuwa mai rawani.

Iyakokin bincike

Aikin ya tsaya ga nassin doka da rahotanni, bai ƙidaya gidaje a Shabu ba, bai kuma ware halin 'yan mata ba. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, tana buƙatar nata nazarin daban. Wanda ya yi ƙidayar nan gaba zai tarar sashe na 35 ya shafi gida ɗaya kamar yadda ya shafi gida ɗari.