Kurfai da Tarihin Tambayar da Hukuma Ba Ta Amsawa

A shekarar 1925, a garin Shikal da ke cikin kwarin Dallol Bosso kusa da Filinge, wata mata mai suna Shibo ta fara tara jama'a da sunan wasu iskoki da ba a taɓa jin irinsu a bori ba. Iskokin nan sojoji ne da kwamandoji da gwamnoni, suna fareti, suna ba da oda, suna kwaikwayon Nasara a tafiyarsa da tsawarsa. A Kurfai da Arewa ana ce musu Babule, sauran duniya kuwa ta fi saninsu da Hauka. Mabiyan Shibo sun ƙi biyan lanho, wato haraji, sun ƙi aikin dole, sun kuma juya wa Gado Namalaya baya, sarkin da Faransawa suka ɗora a kan ƙasar Kurfai tun farkon zuwansu. Kwamandan Yamai na lokacin, Horace Crocicchia, ya sa aka kamo gommai daga cikinsu aka kulle. Zaluncin da ya yi musu bai kashe abin ba, sai ma ya ƙara wa Babule sabon iska mai suna Kwamanda Mugu. 'Yan ci-rani suka tafi da al'adar har Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauke ta a fim a Accra bayan kusan shekara 30.

Masana tarihi irin su Finn Fuglestad sun ɗauki lamarin a matsayin tawayen talakawa, kuma haka yake. Abin da ya kamata a ƙara dubawa shi ne halin da ya kai mutane ga wannan hanya. Manomin Kurfai na wancan zamani ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya tambayi nawa aka yanka wa garinsu, da wane lissafi aka yanka, ko ina kuɗin suke tafiya. Littafin ƙidayar kawuna yana ofishin kwamanda a Filinge, da Faransanci, kuma ba wanda ke buɗe shi sai kwamanda da tafintansa. Dokar da Faransawa ke mulkin talakawan mallaka da ita ta ba kwamanda ikon kulle mutum har kwana 15 ba tare da alƙali ba, kafin a rage kwanakin a 1924. Wanda ya yi tambaya yana iya kwana a gidan kaso saboda tambayar kaɗai, kuma babu inda zai ɗaukaka ƙara.

Shekara shida bayan Shibo, wannan rufaffen tsari ya ci rayuka. Fara ta cinye amfanin gona, yunwar 1931 ta faɗa wa yammacin Nijar, ƙasar Filinge na cikin inda ta fi tsanani. Duk da haka an ci gaba da karɓar lanho. Magidanta suka sayar da iri da dabbobi don su biya, dubbai suka tsallaka Nijeriya da Gwalkwas, da yawa suka mutu a hanya. Daga baya Faransa ta aiko da mai bincike, Bernard Sol, kuma rahotonsa ya ɗora wa hukumar mallaka babban kaso na laifin. To, amma wa ya karanta shi? Rahoton ya hau sama zuwa manyan Faris, ya shiga ma'ajiyar takardu. Waɗanda suka binne 'ya'yansu a Kurfai ba a tara su an gaya musu abin da aka gano ba. Abin da ya sauko musu shi ne sabon umurni na rumbun tsimi na dole. Sai a shekarun 1970, lokacin da wata yunwar ta sake zuwa, masana kamar André Salifou da Fuglestad suka tono takardun suka bayyana wa duniya.

An soke aikin dole da waccan dokar talakawan mallaka a 1946, an sami 'yancin kai a 1960, amma ɗabi'ar ofis ba ta canja da tuta ba. Ma'aikacin da ya gaji kujerar kwamanda ya gaji har da sirrinsa. Zamanin jam'iyya ɗaya ta Diori Hamani da zamanin soja na Seyni Kunce duk sun ɗauki takardar gwamnati a matsayin kayan gwamnati, wadda talaka ba shi da hurumi a kanta. Taron ƙasa na 1991 ne ya fara buɗe wasu fayiloli a bainar jama'a, mutane suna saurare ta rediyo. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 kuma ya kawo majalisar gari da magajin gari kusa da mutane, har da Filinge, ta yadda mai son sanin kasafin kuɗin garinsa ya san aƙalla wa zai tambaya.

Babban sauyin ya zo ne a hannun gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salu Jibo. Ita ce ta fito fili a 2010 ta amsa cewa akwai yunwa a ƙasa, abin da gwamnatin Tanja Mamadu ta musanta a 2005. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamban 2010, a sashe na 31, ya ce kowa yana da hakkin samun bayanan da ke hannun ma'aikatun gwamnati. Sashe na 150 ya wajabta buga kwangilolin ma'adinai da kuɗin da suke kawowa a jaridar gwamnati. Sannan ranar 23 ga Fabrairun 2011 aka sa hannu kan doka mai lamba 2011-22, wadda ta shimfiɗa yadda ɗan ƙasa zai nemi bayani da takardun hukuma. Nijar ta riga Nijeriya da wata uku, domin sai 28 ga Mayun wannan shekarar Goodluck Jonathan ya sa hannu kan tasu dokar.

A rubuce, dokar tana da kyau. Ma'aikata tana da kwana 15 ta ba da amsa, 'yan jarida da masu bincike kuma kwana 5. Idan za ta hana, dole ta rubuta dalili. Mafi muhimmanci, dokar ta gane makamin da ofisoshi suka fi amfani da shi, wato shiru, sai ta ce idan wa'adi ya cika ba amsa, a ɗauka an ƙi. Wannan ƙa'ida ita ce ginshiƙin komai, domin mutumin da aka ce wa "a'a" yana da abin da zai kai ƙara a kai, amma wanda ake ce wa "ka dawo gobe, mai gida ya yi tafiya" yana iya shekara yana zarya ba shi da ko takarda ɗaya da zai nuna. Daga nan hanyoyi huɗu suka buɗe: ya roƙi wanda ya hana shi ya sake dubawa, ya kai kuka ga na sama da shi, ya je wurin Mai Shiga Tsakani na Ƙasa, ko ya shigar da ƙara kotu. An ɗauko fasalin ne daga dokar Faransa ta 1978, sai dai a can hukuma ta musamman aka kafa don wannan aiki, a Nijar kuwa aka ɗora shi a kan Mai Shiga Tsakani, kujerar da tsohon firaminista Shehu Amadu ya hau a 2011, Ali Sirfi Maiga ya gaje shi.

A nan ne rubutu da aiki suka raba hanya. A ɗauki makiyayi a Tukunus da ke son ganin takardar da ta shata burtali, ko ƙungiyar mata a Shikal da ke son sanin buhu nawa na hatsin farashi mai rahusa aka turo wa garinsu. Dokar ƙasar noma da kiwo ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ke ajiye irin waɗannan takardu, dokar 2011 kuma ta ce a nuna musu. Amma sai sun sami wanda zai rubuta buƙatar da Faransanci. Sai sun san cewa akwai wa'adi, sun kuma riƙe shaidar ranar da suka miƙa takarda. Idan aka yi musu shiru, hedikwatar Mai Shiga Tsakani tana Yamai, tafiyar kilomita wajen 180 ta Balleyara. In ma ya saurare su, ra'ayi yake bayarwa, ba shi da ikon tilasta wa ma'aikata ta buɗe aljihun tebur. Kotu kuwa tana son lauya da kuɗi da haƙuri. Ƙari a kan haka, ƙungiyoyin 'yan jarida da na farar hula sun shekara da shekaru suna kiran a fitar da ƙa'idojin zartar da dokar, ma'aikatu kuma suna fakewa da rashinsu. Nijeriya ta zaɓi wata hanya dabam, wa'adin kwana 7 sannan kotu kai tsaye, kuma ko can ɗin ƙungiyoyi masu lauyoyi ne suka fi cin moriyarta.

Manyan misalan ƙasar sun nuna yadda abin yake ko ga masu ilimi da murya. Lokacin sabunta yarjejeniyar yuraniyom da kamfanin Areva a 2013 da 2014, ƙungiyar ROTAB ta Ali Idrissa ta yi ta neman a bayyana abin da ake tattaunawa, tana riƙe da sashe na 150, aka yi cinikin a ɓoye. Misali na biyu ya fi taɓa jihar Tilaberi. Bayan kashe sojoji 71 a Inates a Disambar 2019 da wasu 89 a Shinagodar a Janairun 2020, labari ya bazu cewa binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya gano ɓarna a kwangilolin sayen makamai. Jama'a suka nemi a buga rahoton, ba a buga ba. Ranar 15 ga Maris 2020 aka fito zanga-zanga a Yamai, mutum uku suka rasu, aka kama jagororin farar hula, cikinsu Maikul Zodi da Halidu Munkaila da Mudi Musa suka yi wata shida a tsare. Rahoton da ke maganar asarar biliyan 76 na sefa ta bayan fage ya fito, ta hannun 'yan jarida. Iyayen sojojin da suka mutu a kan iyaka sun ji gaskiyar ne ta hanyar da doka ba ta tanada ba, alhali dokar tana da shekara tara.

Ranar 26 ga Yulin 2023 soja suka karɓi mulki ƙarƙashin Janar Abdurahaman Tiani, wanda shi kansa ɗan ƙasar Filinge ne, aka dakatar da tsarin mulkin da ke ɗauke da sashe na 31. Ranar 23 ga Fabrairun 2024, shekara 13 cif bayan dokar neman bayani, wata doka ta cire sayayyar tsaro daga ƙa'idojin kwangila da na binciken kuɗin gwamnati, abin da masu yaƙi da cin hanci suka yi tir da shi. A Afrilun wannan shekarar aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙo. Ƙasar da ke yaƙi tana da sirrin da ya halatta, kuma dokar 2011 da kanta ta keɓe sirrin tsaro. Amma jerin sunayen masu karɓar taimakon hatsi ba sirrin tsaro ba ne, haka kuɗin rijiya, haka harajin kasuwar dabbobi. A yankin da rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu, waɗannan takardu sun fi kowane lokaci muhimmanci, domin a kansu ne ake zargin juna, kuma zargi yana raba gari.

Akwai wata dama da ba a taɓa samu ba. Kundin sabunta ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Idan da gaske ake, a fara da wannan doka: a fassara ta, a karanta ta a gidajen rediyon karkara, a karɓi buƙata da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek ko Fulatanci, a kuma bayyana wa jama'a ofishin da ke karɓar kukan wanda aka yi wa shiru, ofishin da yake cikin Filinge, wanda hukuncinsa ke hawa kan ma'aikaci.

Kafin a kai ga haka, mai neman bayani a Kurfai ya rubuta buƙatarsa kwafi biyu, ya sa sakatare ya buga hatimi da kwanan wata a kan nasa, ya ƙirga kwanakin wa'adi. Idan sun cika ba amsa, ya rubuta wa na sama da ma'aikacin, ya haɗa da kwafin takardar farko, ya kuma ambaci doka mai lamba 2011-22 ta 23 ga Fabrairun 2011.