Daga Dambatta Zuwa Mpape: Wa Ke Sauraren Motsin Ƙasa?

A jerin girgizar ƙasa da masana ilimin duwatsu suka tattara game da Nijeriya, akwai layi guda da ya kamata mutumin Kunci, a arewacin Kano, ya tsaya a kansa: Dambatta, 1975. Makoɗa ce kawai tsakanin Kunci da Dambatta, tafiyar da mai babur zai yi ya dawo kafin azahar. Ƙasa ta motsa a nan maƙwabta, aka rubuta sunan gari da shekara. A lokacin Nijeriya ba ta da tashoshin auna motsin ƙasa nata na kanta, don haka abin da ya shiga littafi shi ne abin da mutane suka ji a jikinsu suka ba da labari.

Kusan duk tarihin girgizar ƙasa a nan haka yake, tarihin kunne da baki. Ranar 22 ga Yunin 1939 wata girgiza mai ƙarfi ta afka wa Akara, babban birnin Gana na yanzu, ta kashe mutum 17, har Legas aka ji ta. A Disambar 1983 wata ta hallaka ɗaruruwan mutane a arewa maso yammacin Gini, yankin da babu wanda ya yi masa zaton haka. Watanni bayan nan, ranar 28 ga Yulin 1984, ƙasa ta girgiza a Ijebu-Ode da kewaye, ta sake ranar 2 ga Agusta. Wannan ce ta farkar da malaman jami'a. Farfesa Deborah Ajakaiye, wadda ta yi shekaru tana koyar da ilimin fiziya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ita da abokan aikinta suka bi diddigin lamarin suka wallafa bincikensu a 1987. Daga nan jerin ya yi ta tsawo: Yola, Gembu, wasu ƙauyukan tsohuwar jihar Bauchi, da Ɗangulbi a 1994.

To me ke motsawa a ƙasar da aka koya mana a makaranta cewa ta yi nisa da bakin faranten duniya? Amsar tana cikin dutsen da ke ƙarƙashin gonakinmu. Jar ƙasa da jigawar da ake shuka gero da gyaɗa a Kunci shimfiɗa ce marar kauri. Mai haƙa rijiya ya san inda dagi ke fara ƙara. Wannan dutse ya sha matsa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan ɓangarorin Afirka suka yi karo suka haɗe. Ya lanƙwashe, ya tsattsage, tsagogin suka miƙe daga kudu zuwa arewa, suna ɗan karkata gabas. Tsaunukan Kazaure, waɗanda mutumin Kunci ke hange, ragowar wannan zamani ne. Masana sun sa wa manyan tsagogin suna: akwai ta Anka, akwai ta Kalangai, akwai wadda ta taso daga Ifewara a ƙasar Yarabawa ta bi ta Zungeru. Da yawa daga cikinsu suna ganin wannan ta ƙarshe tana da alaƙa da tsagogin ƙarƙashin tekun Atlantika, kuma ita suke zargi da girgizar Ijebu-Ode. Abin yana kama da tukunyar da ta taɓa tsagewa aka liƙe: tana iya shekaru tana riƙe ruwa, amma ranar da aka matsa ta, ta tsohon wurin za ta bari.

Aikin na'urar auna girgiza ba shi da wuyar fahimta. In dutse ya zame, igiyoyin motsi iri biyu ke fita. Ta farko tana gudun kimanin kilomita 6 a daƙiƙa, ta biyu, wadda ta fi jijjiga gini, kimanin 3.5. Tazarar isowarsu ita ke nuna nisa: a ninka daƙiƙoƙin da ke tsakani sau 8, an sami kilomita. Tasha ɗaya nisa kawai za ta faɗa. Sai an sami uku sannan a ce ga wurin. Matsalar ita ce ƙananan motsi, waɗanda mutum ba ya ji, su ne ke nuna wace tsaga ce ke da rai, su kuwa ba sa tafiya mai nisa kafin su ɓace cikin ƙarar motoci da injina. Tilas na'ura ta zauna kusa da tsagar.

Inda aka fi kai wannan aiki maƙura shi ne Parkfield, wani ƙauye a jihar Kalifoniya ta Amurka, bisa tsagar San Andreas. A 1985 masana suka ce girgiza mai maki 6 za ta zo wurin kafin 1993, suka kewaye ƙauyen da na'urori. Ƙasa ta yi biris da su har ranar 28 ga Satumbar 2004, kuma ta zo babu sallama. Duk da haka aikin bai tashi a banza ba, domin ba a taɓa ganin yadda tsaga ke zamewa dalla-dalla kamar ranar ba. Daga baya har rami mai zurfin kimanin kilomita 3 suka haƙa ya ratsa tsagar. A Sin kuwa, an kwashe mutanen Haicheng kafin girgizar Fabrairun 1975, shekarar Dambatta ke nan, amma ta Tangshan ta 1976 ta kashe fiye da mutum 240,000 ba tare da gargaɗi ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka na'ura za ta faɗi rana, ka bar shi da zancensa. Abin da take faɗa shi ne wuri, da zurfi, da irin ƙarfin da magini zai yi lissafi da shi.

Nijeriya ta shigo sahun a makare. Bayan kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa a 1999, aka ɗora wa cibiyarta da ke Toro, jihar Bauchi, alhakin sauraren ƙasa, da tashoshi a Toro, Kaduna, Ile-Ife da Nsukka, da wasu wurare. A Satumbar 2016 ƙasa ta yi ta ruri a Kwoi, kudancin Kaduna, gine-gine suka tsage, mutane suka kwana a waje. Amma sai da abin ya taɓa Abuja, a Mpape, cikin Satumbar 2018, sannan manya suka zabura. Aka dakatar da fasa duwatsu da haƙa rijiyar burtsatse a unguwannin da abin ya shafa, aka kafa kwamiti, hukumar binciken duwatsu ta ƙasa ta girka sababbin na'urori. Da Mpape ta sake motsawa a Satumbar 2024, tashar Katampe da ke gefenta ta rubuta motsin ɗaya bayan ɗaya.

Gaskiya haɗarin a arewacin Kano kaɗan ne. Ruwan Agusta ya fi girgizar ƙasa rushe katanga nesa ba kusa ba. Sai dai nan yanki ne da ƙauye ke hangen ƙauye, ɗakuna na tubali, rufin soro mai nauyi bisa azara, irin ginin da ya danne mutane a ƙauyukan tsaunin Maroko a 2023. Ga kuma madatsun ruwan Tomas da Gari, masu gangar ƙasa, da jama'a zaune a ƙasansu. Daga Kunci zuwa tashar Kaduna ya haura kilomita 200, Toro kuwa ta fi haka nisa.