Gimi, Likoro da Auchan: Wa Aka Gina wa Ƙananan Tashoshin da ke Tsakanin Zariya da Kano?

Da wuya a buɗe kundin digiri a kan layin dogo a jami'o'inmu ba a ci karo da wannan hukunci a babin farko ba: Turawa sun shimfiɗa dogo ne don kwashe arzikin ƙasa zuwa bakin teku, tasha kuwa ƙofa ce kawai ta fitar da kaya. Tushen maganar na Walter Rodney ne (1972), wanda ya dubi taswirar Afirka ya ga hanyoyin jirgi da na mota duk sun fuskanci teku, ba a yi su don cinikin cikin gida ba. A kan taswirar nahiya ba ni da ja da shi. Jayayyata tana farawa ne lokacin da aka ɗauko wannan hukunci aka ɗora shi a kan tashar Gimi ta ƙasar Maƙarfi, ko Likoro ta Kudan, ko Auchan ta Ikara, sannan aka wuce kamar an gama bayani. A ganina niyyar mai mulki ba ta isa ta bayyana inda aka kafa waɗannan tashoshi ba, ba ta bayyana sifar gininsu ba, balle abin da mutanen wurin suka mayar da su.

Tarihin layin sananne ne (Tamuno, 1964, Jaekel, 1997). An amince da aikin Baro zuwa Kano a 1907 zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne; tsawonsa mil 356; dogo ya isa Zariya da Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912, shekarar da aka haɗe shi da layin Legas. Ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya, wadda aka kafa a Manchesta a 1902, tana cikin masu matsa lamba a yi shi. Yadda aka tara lebura ta hannun sarakuna da hakimai, bisa tilas, Mason (1978) ya yi bayaninsa, kuma Waƙar Diga ta Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi shaida ce daga cikin gida cewa aikin ya girgiza masarautar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da nake musu.

Mu fara da mazauni. Duk wanda ya bi layin daga Zariya zuwa Kano, tazarar da ta kai kimanin kilomita 140, zai lura da abin da dogon ya kauce wa. Bai shiga Kudan ba, bai shiga Maƙarfi ba, bai shiga Ikara ba. Waɗannan kuwa su ne mazaunan hakimai, nan kasuwanni suke, nan jama'a take. Arewacin Zazzau tun ƙarni na 19 yana cikin yankin auduga da saƙa da rini wanda ya haɗe da kudancin Kano. Da tarin amfanin gona ne kaɗai ma'aunin kafa tasha, da an karkata dogon ya leƙa ko da ɗaya daga cikinsu. Abin da aka yi shi ne an bi tudu, an rage gadoji, an miƙe zuwa Kano da mafi ƙarancin kuɗi, domin Girouard layin araha ya yi alkawari. Manomin Janfalan ko na Kurmin Kogi, idan yana son jirgi, sai ya ɗaura wa jaki mangala ya je ya same shi inda injiniya ya ga dama ya ajiye shi.

To me ya kawo tasha a Likoro da Gimi da Auchan, sannan Dangora da Yako da Madobi da Challawa a ɓangaren Kano? Amsar farko, wadda marubuta tarihin tattalin arziki suke rainawa saboda ba ta da armashi, ita ce layin ƙwaya ɗaya ne. Jirgin da ya taso daga Kano da wanda ya taso daga Zariya dole su haɗu a wani wuri, kuma dole ɗaya ya ratse ya ba ɗan'uwansa hanya. Saboda haka kowane 'yan kilomitoci ana buƙatar layin kaucewa, da mutumin da zai juya makarkatar dogo, da wayar tangaraho, da tashamasta wanda ba zai saki jirgi ba sai takwaransa na gaba ya tabbatar masa hanya a buɗe take. Direba ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai da alamar izini a hannunsa. Ga kuma kan jirgi mai aiki da kwal da tururi, wanda ba ya tafiya mai nisa bai sha ruwa ba, a ƙasar da rafuka ke ƙafewa da rani. Jeruwar tashoshin a tazara mai kama da juna, ba tare da la'akari da girman garin da ke kusa ba, ta fi kama da lissafin mai tsara zirga-zirgar jirage fiye da na ɗan kasuwa.

Ginin ma haka yake faɗa. Ƙaramar tasha irin ta wannan layi ba ta da hasumiyar agogo, ba ta da zauren jira na a zo a gani. 'Yan ɗakuna ne a jere ƙarƙashin rufin kwano: ofishin tashamasta mai na'urar waya da littattafan rajista, da tagar yankan tikiti, da sito mai sikeli. Barandar tana kallon dogo ne, ginin ya juya wa gari baya. Can gefe ga tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe inda ake shayar da inji, ga sandar sigina, ga gidajen ma'aikata ƙanana a layi. Zane ɗaya ne aka yi ta maimaitawa daga tasha zuwa tasha, ba tare da an aro komai daga ginin Hausa ba, babu zaure, babu soro, babu zanko. Wanda aka yi ginin dominsa shi ne ma'aikacin da ke tsaye a baranda da tuta a hannu yana duban inda hayaƙi zai ɓullo. Fasinja, musamman na aji na uku, inuwar bishiya ce rabonsa.

A nan ne abokin jayayya mai kaifin basira zai tare ni, kuma hujjarsa ta cancanci a saurare ta har ƙarshe. Zai ce: ka ja da baya ne taki ɗaya kawai. Jiragen da ke buƙatar kaucewar juna me suka ɗauko, in ba gyaɗa da auduga da fatu ba? Layin kaucewa da tankin ruwa hidima suke yi wa kwasar da Rodney ya faɗa. Cewa injiniya ne ya zaɓi wurin ba ya wanke wanda ya aiki injiniyan. Zai ƙara da cewa ba a daɗe ba gwamnati ta yanka filaye a gefen tashoshi ta ba kamfanoni irin su John Holt da Kamfanin Neja, wanda ya rikiɗe ya zama UAC a 1929, suka kafa kantuna da sikeli, 'yan baranda suna shiga ƙauyuka suna raba kuɗi kafin kaka. Wato ko da tasha ta fara a matsayin wurin kaucewa, ta ƙare a matsayin wurin awo. Zai kuma tunatar da ni cewa ƙasar Zazzau ita ce inda shirin auduga ya fi kama ƙasa, har aka kafa injin gurza a Zariya tun farkon zuwan jirgi.

Rabin wannan na karɓa. Hasali ma zan ba shi makamin da ya fi nasa kaifi. A 1911 aka fara shimfiɗa ƙaramin layi daga Zariya zuwa tudun Jos, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, wanda ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, ya isa Bukuru a 1914. Don kuza aka yi shi, ba a ɓoye ba. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 ya ɗauke masa kuzar, sai ya fara shiga uku, a 1957 aka rufe shi, aka kwashe dogon. Ga misalin da ya yi daidai da hukuncin Rodney tun daga haihuwa har mutuwa. Amma wannan misali ne ke nuna cewa layuka ba ɗaya ba ne. Idan ma'auni ɗaya ya auna tashar Dutsen Wai da tashar Gimi ya ba da amsa iri ɗaya, alhali ɗaya ta mutu bayan an ɗauke mata kayan da aka yi ta dominsa, ɗayar kuwa ta tara gari, to ma'aunin ne ke da gyara.

Sauran rabin hujjar tasa yana tuntuɓe a wuri biyu. Na farko, abin da aka yi niyyar kwashewa ba shi aka kwasa ba. Hogendorn (1978) ya nuna yadda aka shirya wa auduga, manoma da fataken Kano suka kawo gyaɗa: fitar da ita daga Nijeriya ya tashi daga tan dubu biyu da ɗoriya a 1912 zuwa fiye da tan dubu 19 a 1913, har tashar Kano ta rasa inda za ta zuba buhuna. Audugar ma, shekaru da dama masaƙan gida suna sayenta da farashin da ya fi na Turawa. Mutanen da suka iya juya akalar babban layi haka, ba daidai ba ne a ɗauke su 'yan kallo a ƙaramar tasha. Na biyu, taragon da ya gangara kudu ba duka ne ya isa jirgin ruwa ba, kuma ba fanko yake dawowa ba. Shanu sun sauka a Ibadan da Legas don mahautan can, huhunan goro na ƙasar Yarbawa sun hauro Arewa. Cohen (1969) ya gina littafinsa a kan unguwar Sabo ta Ibadan bisa waɗannan sana'o'i biyu, kuma Hausawa ne ke riƙe da su. Wannan cinikin cikin gida ne tsantsa, irin wanda aka ce dogo bai zo dominsa ba. Bai zo dominsa ba, gaskiya ne, amma ya ɗauke shi.

Wanda ya fi kowa kusantar waɗannan tashoshi da bincike shi ne Shehu Tijjani Yusuf, a kundinsa na Jami'ar Leiden (2015) a kan al'ummomin da ke bakin dogo tsakanin Kano da Zariya. Wani aikinsa na 2012 ya bi diddigin maƙeran da suka riƙa zare ƙarafan dogo suna ƙera kayan aiki da su. Hukuma ta kira abin sata, ta yi ta gargaɗi da hukunci. Ko wane suna aka ba shi, yana nuna mutanen da suka dubi abin da aka dasa musu a gona suka ga ma'adinin da ba sai an haƙa ba. Haka kuma rabuwar suna tsakanin Gimi Gari da Gimi Tasha tana nuna cewa wani sabon mazauni ya tsiro a bayan ginin da ya juya wa gari baya: 'yan dako, masu tuwo-tuwo, dillalai, baƙi daga kudu da suka zo aikin reluwe ko akawun kanti. Babu injiniyan da ya zana wannan unguwa.

Ya kamata in taƙaita da'awata daidai gwargwadon abin da waɗannan hujjoji za su iya ɗauka. Ba ina cewa ƙananan tashoshin sun yi wa talaka adalci ba ne. Wanda ya haƙa ramin diga bisa tilas, ya kuma sayar da audugarsa a kan sikelin da ba shi ke karanta shi ba, ba ya buƙatar a gaya masa wa ya ci riba. Ba kuma ina faɗaɗa maganar zuwa Zariya ko Kano ba, inda tsarin Sabon Gari da unguwar Turawa da dokar garuruwa ta 1917 suka sa tasha cikin wani shiri na raba jama'a da gangan (Urquhart, 1977). Abin da nake cewa ya tsaya ne a kan tashoshin ƙauye na wannan yanki: aikin tafiyar da jirgi ne ya zaɓi wurinsu ya kuma tsara gininsu, kamfanoni suka biyo baya, mutanen ƙasa kuma suka yi amfani da su ta hanyoyin da ba a shirya ba. Matakai uku ne, kuma mai haɗe su ya kira su da suna ɗaya ya ɓatar da tarihin biyu daga ciki.

Yadda suka dusashe ma yana goyon bayan wannan rarrabewa. Daga tsakiyar shekarun 1950, lokacin da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, injunan dizal suka fara maye gurbin na tururi, tankin ruwa ya zama kayan tarihi tun gyaɗa tana da daraja. Da jirage suka ragu, buƙatar kaucewa ta ragu. Ciniki kuwa bai mutu ba, ƙaura ya yi zuwa bakin kwalta: raken Maƙarfi da mazarƙwailarta, da tumatirin Ikara da Kudan, yau a manyan motoci suke fita, kuma hada-hadar da a da take bayan tasha ana ganin irinta a Tashar Yari a kan titin Zariya zuwa Kano. Sabon layi mai faɗi na Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ba shi da dalilin tsayawa kowane 'yan kilomitoci don ya sha ruwa.

Akwai hanyar da za a iya kayar da ni, kuma zan so a bi ta. A wancan zamani kowane tashamasta yana riƙe da rajistar kayan da suka shiga da waɗanda suka fita, kuma rahotannin hakimai da na jami'an gunduma suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. A ɗauki tasha guda, a jera shekarar da aka buɗe ta, da shekarar da aka yanka wa kamfanin farko fili, da nauyin abin da ya tafi bakin teku a kan abin da ya sauka a kasuwannin cikin gida. Idan lissafin Gimi ya nuna kanti ya riga layin kaucewa zuwa, kuma kusan duk abin da aka loda jirgin ruwa ya nufa, to abokin jayayyata ya ci Gimi. Sai dai ya sake kawo na Likoro daban, da na Auchan daban.