Malami da kangararrun yara a telebijin na Japan

A farkon shekarun 1980, makarantun Japan sun shiga wani hali na tashin hankali. Ɗalibai na farfasa tagogi, wasu har suna dukan malamansu. A kan tituna kuwa, gungun samari da ake kira bosozoku suna cire wa baburansu salansa, suna hana gari barci. A 1982 ƴan sanda sun ƙidaya fiye da 42,000 daga cikinsu. Wannan duka ya faru ne a ƙasar da arzikinta ke bunƙasa, amma jarrabawa ke yanke wa yaro makoma tun yana da shekara goma sha biyar. Wanda ya kasa yakan nemi mutunci a cikin gungu. Daga nan ne gidajen telebijin suka samo labarin da suka shafe shekaru arba'in suna maimaitawa.

Tashar TBS ce ta buɗe fage a 1979 da Kinpachi-sensei, inda Takeda Tetsuya ya fito a matsayin malamin harshen Japananci a wata koleji ta Tokyo. Zagaye na biyu, na 1980 zuwa 1981, ya ɗauko yaron da wata makaranta ta yar saboda hujjar cewa ruɓaɓɓen lemo ɗaya yana ɓata na cikin akwati, abin da Bahaushe ke faɗa game da wake ɗaya da gari. Malamin ya ƙi wannan hujja: ɗalibi mutum ne, ba a zubar da shi. A kan wannan gardama, kora ko riƙo, aka gina yawancin wasannin da suka biyo baya.

A 1983 Tsumiki Kuzushi ya kai maganar cikin gida. An ciro shi daga littafin ɗan wasa Hozumi Takanobu game da kangarewar ƴarsa, kuma kashinsa na ƙarshe ya samu kashi 45.3 cikin ɗari na gidajen masu kallo a yankin Tokyo. Sai School Wars a 1984, wanda ya samo asali daga wata lise ta koyon sana'a a Fushimi, cikin Kyoto. A can Yamaguchi Yoshiharu, tsohon ɗan wasan zari-ruga na ƙasa, ya karɓi ƙungiyar da aka lallasa 112 da nema a 1975, ya kai ta ga kofin ƙasa a watan Janairun 1981.

Bayan haka siffar malamin ta sake. A GTO, na 1998, malamin kansa tsohon shugaban ƴan babur ne. A Gokusen, wanda tashar NTV ta fara a 2002, malamar lissafi ce, jikar wani uban gidan yakuza, wato ƙungiyoyin manyan masu laifi, kuma takan ceto ɗalibanta da ƙarfin damtse. Darasin ya koma cewa takardar shaidar koyarwa ba ta isa ba. Wanda ya san titi shi yaran ke saurara.

A daidai lokacin, gungun na gaskiya yana ta raguwa. Haihuwa ta ja baya, tattalin arziki ya tsaya cik a shekarun 1990, kuma gyaran dokar hanya na 2004 ya sauƙaƙa kama masu tuƙin ganganci a ayari. Da abin tsoron ya gushe, sai ya zama abin dariya: Kyo kara Ore wa!!, na 2018, wasan barkwanci ne da ke tuna gashi da tufafin takadaran 1980.

Akwai alheri a cikin wannan tarihi, akwai kuma nauyi. Wasannin sun koya wa iyaye da dama cewa yaron da ya gagara yana da dalili, kuma yana iya dawowa. Amma sun ɗora ceton a wuyan mutum guda, malami marar lokacin tashi daga aiki, mai bin ɗalibi gida da ofishin ƴan sanda cikin dare. Ba su cika tambayar yawan yara a aji ba, ko tsarin jarrabawar da ya tankaɗe su. Kinpachi ya yi ritaya a 2011, bayan shekara 32 a allo. A 2019 majalisar dokokin Japan ta gyara doka domin taƙaita awoyin da malamai ke ƙarawa bayan tashi.