Baƙin da Suka Rasu a Bakin Tekun Fidjrossè

Ranar Alhamis, 25 ga Disamba 2003, jirgin UTA mai zuwa Beirut ya tashi daga Kwatano da lodi fiye da ƙima, ya daki wani gini, ya faɗa bakin tekun Fidjrossè. Sama da mutum 130 suka rasu, akasarinsu 'yan Labanan. Masunta da mutanen unguwa suka shiga ruwa suna ciro gawawwakin baƙin da ba su sani ba.

Mu 'yan zango mun san wannan raɗaɗi. Kakanninmu fatake da yawa sun kwanta dama a hanyar Gwanja, baƙi suka yi musu sutura, 'ya'yansu ba su ga kabarinsu ba. Shi ya sa in muna yi wa iyayenmu addu'a, muke haɗawa da duk wanda ya rasu a baƙunci. Allah Ya jiƙansu.