Sitiret a bakin babana

Mahaifina kamasho ne a tashar Ɗan Issa, kuma a bakinsa na fara jin Ingilishi: "Katsina sitiret! Saura mutum biyu!" Sai da na girma na san cewa masu kalmar, wato "straight", gaɓa ɗaya tak suke furta ta, baƙaƙe uku cunkushe a gaba. Baba kuwa yakan baje ta gaɓa uku, si-ti-ret, domin Bahaushe ba ya buɗe gaɓa da baƙi biyu a jere. Dole ya cusa wasali a tsakani, kamar yadda aka yi wa burodi da birki da direba.

Abin ya samo asali ne daga iyaka. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka ratsa daji suna kafa alamomi daga kogin Kwara har tafkin Chadi. Jibiya ta faɗa hannun Ingila, mu ƴan Maradi muka faɗa hannun Faransa, alhali Maradi kanta Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi. Daga nan kowane ɓangare ya shiga tauna maganar Nasaransa. Can kwastan, nan duwan. Mu har ɗan harafin da Faransawa ke maƙala wa suna a gaba muka haɗiye, muka samu lakwal, wato makaranta, da lanho, wato haraji. Kakata, Allah ya jiƙanta, har ta rasu ba ta san lanho baƙuwar kalma ba ce. Abin da ta sani shi ne akuyar da aka sayar don a biya shi.

Ingilishi kuwa bai tsaya duwan ba. A da, gyaɗar Maradi ta Kano take bi ta hau jirgin ƙasa, direbobin da suka kai ta suka dawo mana da mota da tasha da sukudireba, duk an riga an gyara su daidai bakinmu.

Har yau ina jin zafin ranar da wani mushe, wato malamin lakwal, ya sa ƴan aji suka yi mini dariya don na ce sitiret. Malamai, ku koya wa yaro kalma yadda masu ita ke furta ta, wannan haƙƙinsa ne. Amma ku faɗa masa cewa ubansa bai yi kuskure ba, ƙa'idar gaɓar Hausa ya bi.