Farin Garin Da Ke Kashe Ƙwarin Rumbu: Daga Ina Ya Fito?

Wani mai sauraronmu, manomin wake daga ƙasar Kebbe, ya aiko mana da takarda yana cewa ɗansa da ke karatu a Sakkwato ya ba shi labarin wani farin gari da ake haƙowa daga ƙasa, a cuɗa shi da hatsi, ƙwari su mutu, alhali kuwa ba guba ba ne. Yana so ya sani, shin farar ƙasar nan ce da mata ke shafe ɗaki da ita, ko kuwa kanwa ce aka sake wa suna? Mun amsa masa a gurguje a cikin shirinmu saboda ƙarancin lokaci, to ga cikakken bayanin.

Malam, ba farar ƙasa ba ce, ba kuma kanwa ba ce. Masana suna kiranta ƙasar diyatom. Shi diyatom wani ɗan mitsitsin tsiro ne na cikin ruwa, dangin gansakuka, wanda ido ba ya iya ganinsa sai da madubin likita. Allah Ya yi masa ɓawo na silika, watau sinadarin nan da ke cikin yashi da gilashi. In ya mutu sai ɓawon ya nutse, wani ya faɗo bisa wani, shekara dubu bisa dubu, har in tafkin ya ƙafe a tarar da farin tudu marar nauyi. Ni kaina sai a kwalejin horon malamai na fara ganinsa, kuma na tuna kowane ɓawo cike yake da 'yan ƙofofi kamar rariya. To waɗannan ƙofofi su ne asirin duk amfaninta.

Tarihinta a hannun Turawa ya soma ne wajen 1836, sa'ad da wani Bajamushe mai suna Peter Kasten ya ci karo da ita yana haƙar rijiya a yankin Lunabag, arewacin Jamus. Su ma da farko irin zaton da ka yi suka yi, suka ɗauka farin dutse ne na takin gona. Wanda ya fito da sunanta duniya shi ne Alfred Nobel, mutumin ƙasar Suwidin. A zamaninsa ana fasa duwatsu da wani mai da ake kira naitirogilisarin, wanda ko girgiza shi aka yi da ƙarfi yana iya tashi. A 1864 ya tashi a masana'antarsu ta birnin Istokholm, ya kashe ƙanensa Emil da waɗansu mutane. Nobel bai fasa ba. Ya gano cewa in wannan ƙasa ta shanye man, kashi uku na mai kashi ɗaya na ƙasa, sai ya zama kamar ƙulli, a naɗe shi a ɗauka lafiya. A 1867 ya yi rajistar abin da muke kira nakiya, ba ta shinkafa da zuma ba fa, ta fasa dutse. Da dukiyar da ya tara ne aka kafa kyautar Nobel, wadda aka soma bayarwa a 1901, kuma Wole Soyinka ya samo wa Nijeriya a 1986.

Ƙasar da ta shiga nakiya ita ce kuma ta ceci rayuka. Wani Bajamushe, Wilhelm Berkefeld, ya ƙera matacin ruwa da ita, aka yi aiki da shi lokacin annobar kwalara a birnin Hambag a 1892. Har yau mafi yawan abin da ake haƙowa tacewa ake yi da shi: ruwan sha, ruwan sukari, man girki da magunguna. Ana kuma zuba ta a fenti. Amurka ce kan gaba wajen haƙo ta, musamman a Lomfok ta Jihar Kalifoniya. Mu ma muna da ita a Bularafa, cikin Ƙaramar Hukumar Gulani ta Jihar Yobe.

Amma ga abin da zai ba ka mamaki, Malam. Wannan ƙasa tana zuwa har ƙofar gidanka kowace shekara ba ka biya kuɗin mota ba. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, Tafkin Chadi wani makeken ruwa ne da ya fi murabba'in kilomita 300,000. Da ya janye, sai ya bar wani kwari a arewacin ƙasar Chadi da ake kira Bodele, shimfiɗe da ɓawon diyatom. Iskar hunturu tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi, ta nufo yamma. Masana sun ce babu wani wuri guda a duniya da ya kai Bodele tayar da ƙura. Saboda haka hazon da ke rufe hanyar Tambuwal zuwa Jega a watan Janairu har direbobi su kunna fitila da rana, akwai gawar tsirran tsohon tafki a cikinsa. Sai dai kada ka ce za ka share ƙurar taga ka zuba a rumbu, ta gauraye da tarkace iri-iri.

Yadda take kashe ƙwaro kuwa, jikin ƙwaro yana da wani siririn maiƙo da ke hana ruwan jikinsa fita. In ya bi ta cikin garin, sai garin ya tsotse maiƙon, ƙwaron ya bushe ya mutu. Shi ya sa aikinta ya fi kyau in hatsin ya bushe sarai, kuma damshi yana rage mata ƙarfi. In ka lura, ai dabarar kakanninmu ce, masu cuɗa irin wake da toka ko rairayi kafin su liƙe tulu. A ganina mun yi saurin raina wannan dabara da maganin kwalba ya shigo. Ka tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari na daikulobos da aka samu a cikinsa. Su sun mayar da shi, mu kuwa a tukunyarmu ya ƙare.

Dama mutanenmu ba baƙin ma'adinai ba ne. Tun ƙarni na 19 fatake ke kawo gishirin Foga daga kwarin da ke kusa da Gaya zuwa kasuwar Jega, ga kanwar Barno ta miya da ta dabbobi da kunun mai jego, ga tama da maƙera suka riƙa narkewa a da su yi fartanya. A 1962 aka kafa kamfanin siminti na Arewa saboda farin dutsen Kalambaina, ya soma aiki a 1967.

To amma ba duk abin da ya fito daga ƙasa ake shiga da shi gida ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, nan kusa da ku a Zamfara, an riƙa niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, ashe akwai dalma a ciki. Yara fiye da 400 suka rasu. Ita ma ƙasar diyatom iri biyu ce. Akwai wadda aka gasa da wuta mai tsanani don aikin tacewa a masana'anta, wannan ƙurarta tana lalata huhu, kada ta kusanci abinci. Wadda ake sa wa hatsi ita ce ɗanya, wadda aka tantance don wannan aiki, ita ma ka rufe hanci da baki in za ka cuɗa, ka kuma wanke waken kafin a dafa. In ba ta samu ba, buhun nan mai ninki uku da aka soma yaɗawa a 2007 yana kashe ƙwaro ta hanyar toshe masa iska, ba sai an sa komai ba.

In kuwa wani ya kawo maka farin gari a kasuwar Tambuwal ya ce ita ce, ga gwajin da za ka fara yi kafin ka je wurin malamin gona. Ɗiga masa ruwan lemon tsami: in ya yi kumfa, farin dutse ne ko kanwa. Jiƙa shi da ruwa ka murza: in ya yi danƙo kamar yumɓu, farar ƙasa ce. Ita ƙasar diyatom ba ta narkewa a ruwa, tana ɗan kartar yatsa, kuma in ka cika mudu da ita ka ɗaga sai ka ji ba nauyi.